Allon sunan Bilkisu: aikin hannu ya yi kyau, labarin ne ke da gyara

Akwai wani shago a intanet da ke yin allon suna na ratayewa a bango. Za ka ba su suna, su rubuta shi da Larabci cikin rubutun ƙawa, su sa a firam mai gilashi, sannan su haɗo maka da kati mai bayanin ma'anar sunan da wani ɗan littafi na labarin wanda sunan ya shahara da shi. Na yi odar ɗaya don 'yar ƙanena Bilkisu, wadda ta kai shekarun da yaro ke fara tambayar daga ina sunansa ya fito. Ga hukuncina tun daga farko: allon kansa ya yi kyau ƙwarai, kuma zan iya sake saya a wurinsu. Katin da ɗan littafin kuwa, kada ka miƙa wa yaro sai ka zauna ka karanta su da kanka. Ba zan kama sunan shagon ba, domin mutanen kirki ne, kuma abin da zan faɗa ya shafi duk wanda ke sayar da ma'anar suna a rubuce.

Wajen karɓar oda ba ni da ƙorafi. Na tura saƙo ta WhatsApp, wani saurayi ya amsa da ladabi, ya tambayi girman da nake so da launin katako. Abin da ya burge ni shi ne bai ɗauki sunan yadda na rubuta masa da boko ya wuce ba. Ya ce, "Hajiya, wasu na cewa Bilkisu, wasu Balkisu. Wane wasali za mu sa wa harafin farko?" Tambaya ce ta wanda ya san aikinsa. Na ce a sa kisira, domin haka Fairuzabadi, masanin harshen Larabci, ya kawo shi a ƙamusunsa, da wasalin ƙasa, kuma haka iyayen yarinyar ke kiranta. Kafin a fara rubutun sun turo mini hoton zanen fensir don in duba, na amince, sannan suka ci gaba. Kaya ya iso a lokacin da suka yi alkawari, cikin kwali mai kauri, an naɗe gilashin da soso ta kowane gefe, ko tsagewa babu.

Katakon yana da nauyi a hannu, an goge shi ya yi sumul, kusurwoyin huɗu sun haɗu babu giɓi. Rubutun da hannu aka yi shi, ba na'ura ce ta buga ba. Idan ka matso kusa za ka ga inda alƙalami ya juya a cikin harafin ƙaf, da inda tawada ta ɗan yi kauri a wutsiyar sin. Mai rubutun ya ja wutsiyar nan ta yi doguwar lanƙwasa a ƙarƙashin sauran haruffan, har sunan ya zauna a kanta daram. An kewaye shi da siririn layi na ruwan zinari, ba a cika ado ba, kuma na gode musu da hakan. A kusurwar hagu ta ƙasa an zana ɗan alhudahuda, da zankonsa a tashe da ratsin baƙi da fari a fukafukinsa. Wanda ya zana shi ya taɓa kallon tsuntsun sosai. Aibi ɗaya na samu a jikin allon: igiyar ratayewa siririya ce, ba ta dace da nauyin katakon ba. Na cire ta na sa wata mai ƙwari kafin in yarda a rataya shi a saman gadon yarinya.

Yanzu ga inda maganar take.

Katin ma'ana layi huɗu ne kacal, biyu daga ciki ba daidai ba ne. Ɗaya ya ce ma'anar Bilkisu ita ce kyakkyawar sarauniya mai arziki. Ɗayan ya ce sunan ya zo a Alƙur'ani, cikin Suratun Namli.

Sunan bai zo a Alƙur'ani ba. Labarin matar ya zo, daga aya ta 20 zuwa ta 44 a sura ta 27, amma ba a kira ta da suna ko sau ɗaya ba. Alhudahuda cewa ya yi ya zo daga Saba da labari tabbatacce, ya sami wata mace tana mulkinsu, an ba ta daga kowane abu, kuma tana da gadon sarauta mai girma. Iyakar gabatarwar ke nan. Mace ɗaya tak Alƙur'ani ya ambata da sunanta, ita ce Maryam. Sunan Bilkisu daga malaman tafsiri da tarihi muka same shi. Ibnu Kasir, alal misali, ya kawo daga Hasanul Basri cewa ita ce Bilƙis 'yar Sharahil, sarauniyar Saba. Wani zai ce ai bambancin kaɗan ne, tunda dai ita ɗin ake nufi. Ba kaɗan ba ne. Jingina wa Alƙur'ani abin da babu shi a ciki ba ƙaramin abu ba ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Sannan yarinyar da aka gaya wa sunanta na cikin sura kaza, za ta buɗe surar ta nema, ba za ta gani ba, kuma daga ranar za ta fara shakkar sauran abin da aka gaya mata.

Batun ma'ana ma haka yake. Sunan ba shi da wata saiwa ta Larabci da za a tsago "kyakkyawa" ko "mai arziki" daga cikinta. Ƙamus ɗin da na ambata bai ce komai a kansa ba illa cewa sarauniyar Saba ce, wato ya nuna mai sunan ne, bai fassara sunan ba. Masu bincike sun yi hasashe iri-iri. Wasu sun ce daga wata kalmar Girkanci ya fito mai nufin ƙwarƙwara. Wasu sun ce sunan Nikaule ne, wanda Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na 1, ya kira ta da shi, ya jirkice a hannun masu kwafar littattafai da haruffan Larabci, inda ɗigo ɗaya ke mai da harafin nun ya koma harafin ba. Akwai kuma tsofaffin littattafan Larabawa da suka kira ta Balƙama ko Yalmaƙa, har wasu suka danganta wannan da Almaƙa, babban abin bautar mutanen Saba. Har yau masana ba su tsaya a kan ɗaya ba. Abin da mai katin ya yi shi ne ya kwashi siffofin da ake ba matar ya kira su ma'anar suna. Da ya rubuta cewa sunan sarauniyar Saba ne a wurin malaman tafsiri, kuma asalin kalmar tsoho ne da masana suka yi saɓani a kansa, da ya faɗi gaskiya, kuma da ba abin da ya ragu daga darajar allon.

Ɗan littafin shafi 16 ne, takarda mai kyau, hotuna masu launi, rubutu manya-manya yadda yaro zai iya karantawa. An raba shi gida uku: labarin Annabi Sulaiman da sarauniya, ƙasarta, da yadda wasu al'ummu suka san ta. Tsarin ya yi. Abin da aka zaɓa aka cika shafukan da shi ne ya dame ni.

A kashi na farko, gadon sarautar ya cinye kusan shafi biyu: zinari, yaƙutu, zabarjadi, lu'ulu'u, tsawonsa kaza, faɗinsa kaza. Duk wannan daga bayanan masu tafsiri da masu ƙissa ne. Alƙur'ani cewa kawai ya yi mai girma. Ba na ƙin kirarin "mai gadon zinari", ni ma da shi nake kiran yarinyar idan ina so ta yi murmushi. Amma littafin ya tashi daga isowar wasiƙa ya dira kan ɗauko gadon a jimla ɗaya, ya tsallake abin da ya fi komai daraja a labarin, wato ayoyin da muka ji muryar matar da kanta.

Wasiƙa ta faɗo mata daga sarkin da ya fi ta ƙarfi. Gajera ce: daga Sulaiman take, da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, kada ku yi mini girman kai, ku zo mini kuna masu miƙa wuya. Saboda wannan wasiƙa ne ma bisimilla ta zo sau biyu a Suratun Namli, ɗaya a farkon sura, ɗaya a aya ta 30. Matar ba ta ɓoye wasiƙar ba, ba ta yaga ta ba. Ta tara manyan fadarta, ta ce an jefo mata wasiƙa mai daraja, ta karanta musu. Sannan ta faɗi maganar da nake so kowace Bilkisu ta haddace, a aya ta 32: ku ba ni shawara a kan al'amarina, ban kasance ina yanke wani hukunci ba sai kuna nan. Manyan suka amsa da irin amsar da ake jira daga mayaƙa, cewa su masu ƙarfi ne, masu tsananin yaƙi, amma umarni na hannunta. Sun buɗe mata ƙofar yaƙi ke nan. Ita ce ta rufe. Ta ce sarakuna idan suka shiga gari sai su ɓata shi, su mai da masu darajarsa ƙasƙantattu. Tunaninta bai tsaya kan karagarta ba, ya tafi kan abin da zai sami mutanen gari idan runduna ta shigo. Sai ta zaɓi ta aika kyauta, ta jira ta ga da me manzanni za su dawo. Malamai da yawa sun ce gwaji ne: sarkin duniya zai karɓi dukiya ya yi shiru, Annabi ba zai karɓa ba. Annabi Sulaiman ya mai da kyautar, ya ce abin da Allah Ya ba shi ya fi abin da Ya ba su. Ta gane abin da amsar ke nufi, ta taso da kanta.

Duk lokacin da na karanta wannan sai Fir'auna ya faɗo mini a rai. Shi ma saƙo ya zo masa daga Annabi, shi ma yana da fada cike da manya. Abin da ya ce musu, a Suratu Gafir aya ta 29, shi ne ba ya nuna musu sai abin da shi ya gani. Ya kai mutanensa cikin teku. Ita kuwa ta nemi shawara, ta auna, ta kai mutanenta ga tsira ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Ban ga dalilin da zai sa a ba yarinya shafi biyu na yaƙutu a hana ta wannan ba.

Har wurin gadon ma, littafin ya fi damuwa da ifiritun da ya ce zai kawo shi kafin Annabi Sulaiman ya tashi daga mazauninsa, da wanda yake da ilimi daga Littafi da ya kawo shi kafin ƙiftawar ido. Sun sa sunan Asifu ɗan Barkhiya, wanda shi ne sunan da yawancin masu tafsiri ke bayarwa, amma ba su nuna daga tafsiri yake ba. Amsar matar kuma sun bar ta. An sauya wa gadon kama, aka tambaye ta ko haka gadonta yake. Ta bar shi can nesa a kulle, ga kuma wani a gabanta mai kama da shi. Ba ta ce shi ne ba, ba ta ce ba shi ba ne. Ta ce kamar dai shi ne. Wannan amsa ce ta mai hankali da ba ya faɗin abin da ya wuce saninsa. Daga nan sai fadar da aka daɓe da gilashi, wadda ta zaci ruwa ne har ta ɗage tufafinta daga ƙwaurinta, da kalmarta ta ƙarshe a aya ta 44: Ubangijina, na zalunci kaina, na miƙa wuya tare da Sulaiman ga Allah Ubangijin talikai. A nan Alƙur'ani ya tsaya da labarinta. An ce suna linzami. In haka ne, da wannan ɓangaren ya kamata a ja yarinya.

Littafin bai tsaya inda Alƙur'ani ya tsaya ba, kuma ba laifi ba ne a ci gaba, in an sa alama. Ba su sa ba. A shafi guda, da rubutu iri guda, suka zarce da cewa mahaifiyarta aljana ce, cewa aljanu sun ji tsoron kada Annabi Sulaiman ya aure ta sai suka ce ƙafafunta irin na jaki ne, cewa an gina daɓen gilashin ne don a ga ƙafafun, cewa an same su da gashi har aljanu suka haɗa maganin cire shi, sannan aka ɗaura aure. Waɗannan labarai suna nan a tsofaffin littattafan ƙissoshin Annabawa, kamar na Sa'alabi wanda ya rasu a 1035, kuma wasunsu suna da takwarori a littattafan Yahudawa. Amma Ibnu Kasir, bayan ya kawo doguwar ruwaya irin wannan, ya ce munkara ce, baƙuwa ƙwarai, kuma mafi kusa shi ne daga Ahlul Kitabi aka ɗauko irinta. Auren ma ba a yi ittifaƙi a kansa ba. Wasu sun ce ya aure ta, wasu sun ce ya aurar da ita ga wani sarkin Hamdan a Yaman. Alƙur'ani bai ce komai a kai ba.

Illar wannan cakuɗa na gan ta da idona. Yarinyar ta karanta littafin, ta zo ta same ni fuskarta ba walwala, ta ce, "Gwaggo, wai da gaske mai sunana 'yar aljana ce?" Na zaunar da ita na buɗe mata surar, muka bi aya-aya, na nuna mata inda labarin ya fara da inda ya ƙare, na ce sauran tatsuniya ce da mutanen da suka ƙara. Hankalinta ya kwanta. Ba kowane yaro ne ke da wanda zai yi masa haka a gida ba. Ni ba na cewa a cire tatsuniyoyin. Suna da daɗin ji, kuma suna nuna yadda matar nan ta cika zukatan mutane shekaru dubbai. A sa su a shafinsu daban, a rubuta a sama cewa wannan abin da masu ƙissa suka faɗa ne. Layi ɗaya ya isa.

Kashi na biyu, na ƙasar Saba, shi ne mafi kyau a littafin, kuma a nan na ga an yi ƙoƙari. Akwai taswirar Yaman da aka nuna Ma'arib a gabas da San'a. Akwai hoton ragowar babbar madatsar ruwan Ma'arib, da bayanin yadda take tare ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu ta raba ta zuwa gonaki a gefe biyu na kwari. Sun haɗa wannan da Suratu Saba, aya ta 15 da ta 16, inda aka ambaci gonaki biyu na dama da hagu da ambaliyar Arimu, kuma sun faɗi daidai cewa madatsar ta yi rushewar ƙarshe ne a ƙarni na 6 bayan haihuwar Annabi Isa. Sun yi bayanin fataucin lubban da murru, wanda ayarin raƙuma ke kaiwa arewa har gaɓar Bahar Rum, kuma shi ne tushen arzikin Saba. Sun ma ambaci cewa a watan Janairun 2023 hukumar UNESCO ta sa kufan Ma'arib cikin wuraren tarihi na duniya, ta kuma sa su cikin waɗanda ke fuskantar haɗari saboda yaƙin Yaman. Yarinyar ta daɗe tana kallon hotunan nan.

Sai dai a ƙarƙashin hotunan an sake yin zarce. An rubuta cewa ita ta gina madatsar, an kira hoton ginshiƙai "fadar Bilkisu". Wurare biyu ne masu ginshiƙan, kuma gaskiya ne mutanen wurin na kiran ɗaya Maharam Bilƙis, ɗayan kuma Arshu Bilƙis. Amma rubuce-rubucen da ke jikin duwatsun da kansu sun nuna wuraren bauta ne na Almaƙa: na farkon sunansa Awwam, mai ginshiƙai 8 a ƙofarsa, wanda tawagar Ba'amurken nan Wendell Phillips ta tona a 1951 zuwa 1952, na biyun kuma Bar'an, mai ginshiƙai 5 a tsaye da na 6 a karye. An samu dubban rubuce-rubuce na mutanen Saba, da sunayen sarakunansu irin su Karib'il Watar, babu wanda ya ambaci Bilkisu. Masana tarihi suna sa zamanin Annabi Sulaiman a ƙarni na 10 kafin haihuwar Annabi Isa, babban ginin madatsar kuwa ya zo bayan haka. Wannan bai taɓa imanina da labarin ko kaɗan ba, domin ba daga dutse na karɓo shi ba. Kuma da sun so ƙarin haske ga yaro, akwai abin da ya tabbata: rubuce-rubucen Assuriyawa na ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa sun ambaci sarauniyoyin Larabawa da sunayensu, Zabibe da Samsi, a arewacin tsibirin Larabawa. Mulkin mace a ƙasar Larabawa ta wancan zamani sananne ne. Wannan ya fi a ɗauki hoton wurin bautar gunki a ce wa yarinya ga ɗakin mai sunanki.

Kashi na uku gajere ne, kuma yawancinsa daidai ne. Sun kawo cewa a Littafin Sarakuna na ɗaya na cikin Baibul, babi na 10, ta zo Urushalima ta gwada Sulaiman da tambayoyi masu wuya, ta ba shi talanti (wani ma'aunin nauyi na da) 120 na zinari da kayan ƙamshi da duwatsu masu daraja, kuma can ma ba a faɗi sunanta ba. Sun kawo cewa Habashawa na kiranta Makeda, kuma littafinsu Kebra Nagast na ƙarni na 14 ya ce ta haifa wa Sulaiman ɗa, Menelik, wanda sarakunan Habasha suka jingina asalinsu gare shi har zuwa faɗuwar Haile Selassie a 1974. Da sun ƙara cewa har tsarin mulkin Habasha na 1955 ya rubuta wannan nasaba a cikinsa, da yaro ya ga nisan da labari ke iya kaiwa. Sun taɓo Bilikisu Sungbo ta ƙasar Ijebu, wadda ake danganta wa doguwar ganuwar Eredo mai kusan kilomita 160, da kabarinta da ake ziyarta a Oke-Eiri. A nan sun yi adalci, sun ce imanin mutanen wurin ne cewa ita ce sarauniyar Saba, kuma binciken shekarun ganuwar ya nuna ta zo da daɗewa bayan zamanin Annabi Sulaiman. Wannan shi ne irin rubutun da nake nema a sauran shafukan. Wanda ya iya yin sa a nan zai iya yin sa a ko'ina.

Abu ɗaya da na so in gani ban gani ba shi ne Sarauniya Arwa 'yar Ahmad ta gidan Sulaihi, wadda ta mulki Yaman shekaru masu yawa daga garin Jibla har ta rasu a 1138. Mutanen Yaman na yi mata laƙabi da Ƙaramar Bilƙis. Ita tarihinta a rubuce yake, masallacin da ta gina a Jibla yana nan, kabarinta na cikinsa. Ga mace Musulma da mutanenta suka duba yadda take riƙe ƙasa, suka rasa sunan da za su yaba mata da shi sai wannan. Rabin shafi a kanta ya fi duk yaƙutun nan amfani ga yarinya.

Na rubuta wa shagon duk wannan, a taƙaice. Saurayin nan ya kira ni da kansa. Bai yi gardama ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce su aikinsu katako da alƙalami ne, bayanin kuwa wani suka ba ya tattaro musu, ba su kai wa malami ya duba ba. Ya nemi in rubuto yadda nake ganin katin ya kamata ya kasance, na rubuta, suka sake bugawa suka aiko mini da sabo. Sabon katin ya ce sunan sarauniyar Saba ne kamar yadda malaman tafsiri suka ambata, labarinta na cikin Suratun Namli ba tare da sunanta ba, an san ta da shawara da hangen nesa. A kan ɗan littafin kuwa, ya ce sun riga sun buga da yawa, sai sun ƙare za a gyara. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Na ce masa ko 'yar takarda ce a saka a tsakiya, a nuna shafukan da tatsuniya ce, kafin sabon bugu ya fito. Ya ce zai kai maganar gaba. Na yaba da ladabinsa da saurin gyaran katin, amma a halin da ake ciki duk wanda ya yi odar wannan suna tsohon littafin zai samu.

Da na duba jerin sunayen da suke yi, na ga Asiya, Hauwa'u, Saratu, Hajara da Zulaiha. Duk cikinsu babu wadda sunanta ya zo a Alƙur'ani. Huɗun farko sun zo a ingantattun hadisai. Zulaiha kuwa halinta ɗaya da Bilkisu: Suratu Yusuf matar Azizu kawai ta ce, sunan daga masu tafsiri da masu ƙissa ya fito, kuma labarin aurenta da Annabi Yusuf daga baya ba ya cikin surar. Wanda zai yi odar ɗaya daga cikin waɗannan, ya nemi su turo masa rubutun katin da na littafin tun kafin a buga, kamar yadda suke turo hoton zanen fensir, ya kai wa malamin da ya yarda da shi ya duba. Za kuma ka iya cewa allon kaɗai kake so, ba kati ba littafi, suna yarda. Ka ce musu su sa igiya mai kauri tun daga can.